Filin Aikin Hannu: Kayan Kafinta A Cikin Jirgin Ruwa

A wannan wata za mu ajiye maganar ƙofofi da kujeru, mu gangara bakin ruwa. Dalili kuwa shi ne wata wasiƙa da ta zo mana daga wani ɗan'uwanmu kafinta a ƙasar Yawuri. Surukinsa yana da babban jirgin katako mai inji, wanda ke ɗaukar hatsi da albasa da busasshen kifi daga wannan kasuwa zuwa waccan a tafkin Kainji da kogin Kwara. Yanzu tsufa ya kama surukin, ya kira ɗan'uwan nan ya ce ya zo ya riƙe jirgin. Zai riƙa yin makonni a kan ruwa, wani lokaci har da mai ɗakinsa da ƙaramin ɗansu, suna kwana suna tashi a ƙarƙashin rumfar jirgi. Wurin da aka ba shi domin kayan aikinsa bai wuce ƙarƙashin benci guda ba. Shi kuwa shekara tara ke nan yana tara kayan kafinta, har sun cika shago. Abin da yake tambaya shi ne, wanne zai ɗauka, wanne zai bari?

Tambayar ba tasa ba ce shi kaɗai. Sarkawa da sauran masunta sukan yi watanni suna bin kogi da jiragensu. Haka fataken ruwa na tafkin Cadi, da 'yan'uwanmu mazauna Yeji a bakin tafkin Bolta ta ƙasar Gana. Dukansu sun san cewa a cikin jirgi wuri kuɗi ne. Inda akwatin kayan aiki ya zauna, buhun masara ba zai zauna ba, tukunyar uwargida ma ba za ta zauna ba.

Kafinta Mai Kayan Aiki Huɗu

Kafin mu ba da amsa, bari mu ba ku labarin wani kafinta wanda wannan tambaya ta faɗo masa ba shiri, a wata ƙasa mai nisa inda ruwan teku yake daskarewa. Sunansa Harry McNish, mutumin Sikotilan ne. A shekarar 1914 ya shiga wani jirgi mai suna Endurance tare da Ernest Shackleton, wanda ya yi niyyar ƙetare Antatika, watau ƙasar ƙanƙara da ke can ƙarshen duniya wajen kudu. Ba su kai gaci ba. A watan Janairu na 1915 ƙanƙara ta kama jirgin ta riƙe, ta yi ta matsa shi wata da watanni har ta murƙushe shi. Ranar 27 ga Oktoba suka fita daga ciki, ranar 21 ga Nuwamba ya nutse. Aka bar mutum 28 a kan ƙanƙara da ƙananan jirage uku. Shackleton ya ce kowa ya zaɓi kayan kansa, amma kada nauyinsu ya wuce laba 2, watau ko kilo 1 bai cika ba.

Kayan aikin da suka rage a hannun McNish huɗu ne: zarto, hama, cizal da gizago. Ƙusoshi kuwa sai da ya ciro tsofaffi daga jikin jirgin da ya lalace. Da waɗannan ya ƙara wa babban cikin ƙananan jiragen, mai suna James Caird, tsayin baki, domin kada raƙuman ruwa su riƙa faɗawa ciki. Ba shi da abin toshe tsakanin katako, sai ya cusa lagwanin fitila, ya shafe da fentin mai yi musu zane, da jinin wata dabbar teku mai kama da ayu.

A watan Afrilu na 1916 suka kai wani tsibiri wanda ake kira Tsibirin Giwa. Babu kowa a wurin, babu kuma mai zuwa neman su. Dole wasu su tafi neman taimako a tsibirin Jojiya ta Kudu, tafiyar wajen mil 800 a cikin teku mai hauka, da jirgin da tsawonsa ƙafa 22 da rabi ne kacal. McNish ya ɗauki sandar tutar wani jirgin ya shimfiɗa ta a cikin James Caird daga gaba zuwa baya, domin kada gadon bayansa ya karye. Ya yi masa rufi da murafan akwatunan abinci, da katakon abin jan kaya a kan ƙanƙara, da tamfol. Mutum shida suka shiga, har da shi kansa. Suka tashi ranar 24 ga Afrilu, suka sauka ranar 10 ga Mayu. Da suka ga sai an hau duwatsu kafin a kai inda mutane suke, McNish ya kwance sukurori daga jikin jirgin ya ɗaura a ƙarƙashin takalman mutum uku masu tafiyar, domin kada santsi ya kwashe su. Gizagonsa kuma da shi suka riƙa sarar matakala a jikin ƙanƙara. Ranar 30 ga Agusta aka kwaso sauran mutum 22. Cikin su 28 ɗin nan ba wanda ya mutu.

Ba muna cewa ɗan'uwanmu ya ɗauki abu huɗu kaɗai ba. Abin da muke so a gani shi ne irin abubuwan huɗun. Ɗaya na yanka, ɗaya na bugu, ɗaya na fafe gurbi, ɗaya na sassaƙa. Ba mai bukatar wutar lantarki a cikinsu. Kowanne kuma yana aiki fiye da ɗaya a hannun wanda ya iya.

Wane Aiki Za A Yi A Kan Ruwa?

Kuskuren da kafintan tudu yakan yi shi ne ya fara da duban kayansa, yana jin tausayin kowanne. Ɗan'uwa, kada ka fara da kaya. Fara da aiki. Ka zauna da surukinka, ka tambaye shi abin da ya taɓa lalacewa a jirgin nan tun da ya saye shi. Za ka ga ayyukan sun kasu kashi uku.

Kashi na fari shi ne aikin da ba ya jira. Jirgi ya bugi kututture a ƙarƙashin ruwa, falanki ya tsage, ko tsakanin katako biyu ya buɗe, ko katakon baya inda ake ɗaura inji ya saki. Mun yi lissafi. Huda mai faɗin inci 1, in tana ƙafa 1 a ƙarƙashin ruwa, takan shigo da ruwa fiye da lita 40 a minti guda, watau jarka biyu. Lita guda kuwa kilo guda ce. Kafin minti goma an ɗora wa jirgi kaya fiye da kilo 400 wanda ba wanda ya biya kuɗinsa. Mutanen bakin Kwara ba su bukatar a gaya musu ƙarshen wannan. A watan Yuni na 2023 wani jirgin katako ya kife a wajen Patigi da masu dawowa daga biki, mutum fiye da 100 suka rasu.

Kashi na biyu shi ne aikin yau da gobe. Benci ya girgiɗa, filafili ya karye, sandar rumfa ta saki, uwargida tana son ɗan kanta inda za ta jera kwanuka. Waɗannan suna iya jira har a ɗaure jirgi da yamma.

Kashi na uku shi ne babban aiki, kamar sauya falanki gaba ɗaya ko sa sabon haƙarƙarin jirgi. Wannan aikin tudu ne. Sai an jawo jirgi gaci, an sami masu ƙera jirgi da kayansu. Kada ka ɗauki abu ko guda saboda wannan kashi.

In ka gane haka, sai ka ɗauki kayanka ɗaya ɗaya ka yi wa kowanne tambaya uku. Yana cikin masu hana jirgi nutsewa? Akwai wani abin da zai iya yin aikinsa? In ya dakushe ko ya lalace a tsakiyar tafki, zan iya gyara shi da hannuna? Wanda ya kāsa amsawa, sai ya zauna a gida.

Abin Da Muka Zaɓa

Ga namu zaɓin. Mun jera su bisa ga muhimmancinsu, domin in wuri ya ƙare sai a yanke daga ƙasa.

1. Hama mai bakin cire ƙusa. Wadda nauyinta ya kai kamar rabin kilo ta isa. Ka duba ƙotarta da kyau, gama danshi da rana sukan sa ƙota ta yi kumburi ta kuma motse har kai ya fita. Sandar bugun cizal ba sai ka ɗauka ba. Ko wane guntun ƙirya zai yi.

2. Zarto guda na katako. Wanda tsawonsa bai wuce inci 20 ba, mai haƙora matsakaita, wanda zai yanka katako a tsaye ya kuma yanka a gicciye. Zaruttan da suka cika kasuwa yanzu masu baƙaƙen haƙora suna da kaifi ƙwarai, amma an gasa haƙoran har magagari ba ya cin su. In sun dakushe sai yarwa. Tsohon zarto wanda ake wasawa ya fi dacewa da mai nisa da kasuwa. Akwai kuma irin na mutanen Japan, mai haƙora gefe biyu, wanda yake yanka sa'ad da ake jawo shi. Ba shi da kauri, ana kuma cire shi daga mariƙinsa a ajiye. Yana da daɗin aiki a matsattsen wuri, sai dai ba ya jure ƙusa. Tsohon katakon jirgi kuwa cike yake da ƙusa.

3. Zarton yankan ƙarfe, da ruwansa uku ko huɗu na ajiya. Da shi za ka yanke ƙusar da ta ƙi fita da notin da ya yi tsatsa. Ruwansa kaɗai, in ka naɗe gefe ɗaya da tsumma, yana shiga lungun da hannu ba ya shiga.

4. Cizal uku: mai faɗin rubu'in inci, da na rabin inci, da na inci 1. In ka ga wuri ya ƙare, ka bar ƙaramin. Kada ka taɓa buɗe gwangwanin fenti da su.

5. Gizago ƙarami mai gajeriyar ƙota. Kafintocin birni sun raina shi, amma masassaƙanmu da shi suke fafe kwalekwale daga gungumen maɗaci da kawo tun kaka da kakanni. Yana rage kaurin katako, yana fitar da filafili daga reshe, yana fere weji. In babu gatari, yana faskaren 'yan ƙiraren girki.

6. Abin huda katako na hannu, mai mariƙin juyawa, da bakuna biyar ko shida. Wannan kada a manta da shi. Katakon jirgi mai tauri ne, in ka buga ƙusa kusa da baki ba ka fara hudawa ba, zai tsage, ka je gyaran huda guda ka dawo da biyu. Abin huji mai batir yana sauƙaƙa aiki, in akwai faifan hasken rana a kan rumfa ana iya cajinsa. Amma batirinsa ba ya shiri da ruwa, ba ya shiri da zafi, yakan kuma mutu a ranar da aka fi bukatarsa. In za ka ɗauke shi, ya zama ƙari ne a kan na hannu, ba madadinsa ba.

7. Ƙarfen cusa auduga a tsakanin katako. Kamar cizal yake, amma bakinsa a dakushe, domin ya tura auduga ciki ba ya yanke ta ba. Ko wane maƙeri zai ƙera maka shi daga guntun sifirin mota. Kafintan tudu bai saba da shi ba, amma a jirgi ya fi filen daraja.

8. Sukuddireba biyu, mai baki ɗaya da mai bakin gicciye, da filaya, da sifana mai buɗewa da rufewa. Waɗannan za su yi wa katako aiki su yi wa inji.

9. Magagari biyu: babba mai gefe ɗaya shimfiɗaɗɗe ɗaya kumburarre domin cin katako, da ƙarami mai kusurwa uku domin wasa haƙoran zarto.

10. Dutsen wasa kaifi mai fuska biyu, mai kaushi da mai laushi. Shi ne uban sauran. Cizal uku masu kaifi sun fi goma dakusassu. Dakusasshen ƙarfe kuma shi ne yake zamewa ya sari hannu, balle a wurin da ƙasa take rawa.

11. Tef na awo, da fensir biyu, da abin ɗaukar kusurwa. Wannan na ƙarshe kai za ka yi shi. Ka sami siraran katako biyu masu tsawon taƙi guda, ka haɗa kansu da noti yadda za su buɗe su rufe kamar almakashi. A jikin jirgi da wuya ka sami kusurwar da sikwaya za ta zauna daidai, gama kome a karkace yake ko a lanƙwashe. Da wannan za ka ɗauki karkatar ka kai ta kan katakon da za ka yanka.

12. Ƙaramin filen, watau abin fere fuskar katako, irin wanda ake riƙewa da hannu ɗaya. Da abin matse katako guda biyu ƙanana, da wuƙa mai kube.

In babban matsi ake bukata, igiya za ta yi. Ka zagaya katakon da igiya ninki biyu, ka sa sanda a tsakiya ka yi ta murɗawa har ta matse, sa'an nan ka ɗaure sandar. Weji biyu da aka buga suna fuskantar juna su ma suna matse katako kamar ƙarfe.

Kayan Faci

Kayan aiki ba su toshe huda su kaɗai. McNish da ba shi da tsofaffin ƙusoshi da lagwani, da zartonsa bai cece su ba. Saboda haka rabin wurin da aka ba ka na kayan faci ne. Ka tanadi ƙusoshi masu rufin tutiya manya da ƙanana, gama baƙar ƙusa takan yi tsatsa a jiƙaƙƙen katako, ta ci kanta ta kuma ruɓar da naman katakon da ke kewaye da ita. Ka tanadi auduga ko tsohuwar igiyar rama da aka warware, da gwangwanin kwalta, da guntun tamfol, da guntayen kwanon rufi biyu ko uku, da 'yar waya. Ka fere turaku biyar ko shida daga katako mai laushi, masu tsini kamar karas, manya da ƙanana. In an buga irin wannan a huda, yakan sha ruwa ya kumbura ya toshe ta kam. Ka yanka falanki biyu ko uku masu tsawon kamu guda, ka huda wuraren ƙusa a jikinsu tun kana tudu. Ranar tsagewa, sai ka shafa kwalta a tamfol, ka ɗora a kan tsagar, ka danne da falankin ka buga. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Farin gam na kafintoci kuwa ka bar shi, ruwa yana narkar da shi. In kana son gam, ka nemi irin mai kashi biyu wanda ake gaurayawa, ka kuma sani ya fi kama busasshen katako.

Abin Da Za A Bari

Mun san nan ne zuciya za ta yi nauyi. Dogon filen zai zauna a gida, haka zarton lantarki da janareto, da manyan abubuwan matse katako, da teburin aiki. Ma'aunin nan na magina mai ƙwayar iska a cikin ruwa shi ma ba shi da amfani. Jirgi a kan ruwa ba ya tsayawa daidai, in yaro ya koma wancan gefe ƙwayar ta bi shi. A jirgi ana awo daga jikin jirgin ne. Sanfefa kuma kada ka ɗauki da yawa, danshi yana ɓata ta.

Amma kada ka sayar da abin da ka bari. Ka goge su, ka shafa musu mai, ka rubuta sunayensu a takarda biyu, ka danƙa wa ɗan'uwa ko yaron shagonka mai amana, shi da takarda ɗaya kai da ɗaya. Ranar babban aiki a tudu za ka neme su. In kuma zaman ruwa bai karɓe ka ba, sana'arka tana nan tana jiranka.

Ajiya Da Tsatsa

A kan maganar ajiya, akwai abin koyo daga wasu mutanen Ingila waɗanda suka zauna da iyalansu a cikin jiragen dakon kaya a kan magudanan ruwa da aka haƙa da hannu. Faɗin jirgin bai kai ƙafa 7 ba, domin ƙofofin ruwan da yake ratsawa iyakar faɗinsu ke nan. Kusan dukan tsawonsa na kaya ne, sai ɗan ɗaki a baya inda miji da mata da 'ya'ya suke kwana suke girki. Cunkoson ya kai har majalisar ƙasar ta yi doka a kansa a 1877. Dabararsu ita ce kome ya yi aiki biyu. Ƙofar kabad in an sauke ta sai ta zama teburin cin abinci. Gado da rana a naɗe yake a cikin bango. Benci kuma cikinsa ma'aji ne.

Haka akwatinka zai zama. Ka yi shi da kanka daidai da ƙarƙashin bencin nan, misali tsawo ƙafa 2, faɗi ƙafa 1. Ka sa masa murfi mai kauri, domin ya zama kujera, ya kuma zama teburin da za ka ɗora katako ka yanka. Ka yi masa ƙafafu na inci 2 ko 3 domin ruwan da ke kwanciya a cikin jirgi kada ya taɓa gindinsa. Mariƙansa su zama na igiya. In ka cika shi, ka gwada ɗagawa da hannu ɗaya. In ya gagare ka, kayan sun yi yawa, ka koma kan tambayoyin nan uku. Wurin zamansa ƙasa ƙasa, kusa da tsakiyar jirgi, a ɗaure. Kaya mai nauyi a sama ko a gefe ɗaya yana taimakon jirgi kifewa, sakakken akwati kuma yakan zama makami in iska ta taso.

Babban abokin gāban ƙarfe a kan ruwa shi ne tsatsa. Mu ma mun taɓa ɗanɗanawa. Wata shekara mun bar cizal biyu da zarto a cikin buhu a gindin kwalekwale, kwana bakwai kaɗai. Da muka buɗe sai muka tarar sun yi ja kamar an barbaɗa musu barkono, muka yini muna gurza. Tun daga ranar muka koyi abu huɗu. Bayan kowane aiki a goge ƙarfe ya bushe, a shafa masa man keken ɗinki ko giris kaɗan. A naɗe masu kaifi a cikin tamfol mai aljihuna wanda ya ɗan sha mai, ba a cikin fata ba, gama jemammiyar fata tana riƙe danshi tana kuma ɓata ƙarfe. A jefa ƙwayar kafur ɗaya ko biyu a cikin akwati. Sau ɗaya a mako kuma, in rana ta buɗe, a baje kayan su sha iska.

Bokitin fenti na roba mai murfi ma'aji ne mai kyau, ba shi da tsada. In an rufe shi sosai ruwa ba ya shiga, in kuma ba a cika masa nauyi ba, ko ya faɗa ruwa zai yi iyo. A cikinsa za ka sa kayan gaggawa: hama, ƙusoshi, turaku, falankin faci, tamfol, kwalta da tocila. Wannan bokiti ba a ɗora masa buhu, ba a tura shi lungu. Ya zauna inda hannu zai kai gare shi cikin duhu.

Abin da ya faɗa tafki ya tafi ke nan. Ka huda ƙotar hama da ta gizago ka zura igiya, in za ka yi aiki a bakin jirgi ka ɗaura a wuyan hannu. Ka shafa wa ƙotocin jan fenti domin a gan su a cikin ciyawar gaci. In ka gama aiki ka kwashe dusar katako, kada ta taru a gindin jirgi ta riƙe danshi. Wasa ƙarfe da narkar da kwalta kuma a yi su a tudu, nesa da jarkar fetur.

Maganar Iyali

Sauran magana ta uwargida ce. Wurin nan da kake aunawa, ita ma a cikinsa za ta yi girki, ta yi wa yaro wanka, ta shimfiɗa tabarma. Kada ka kai akwati ka ajiye sa'an nan ka ce mata ta san yadda za ta yi da tukwanenta. Ku auna wurin tare. In ta ce abu kaza ya tare mata hanya, ka saurara, gama ita za ta fi ka yini a ƙarƙashin rumfar.

Ka kuma koya mata aikin bokitin gaggawa. Ranar da jirgi zai bugi kututture, wataƙila hannunka yana kan inji, ba ka da halin saki. Ta san inda turaku suke, ta san yadda ake buga su, ta san wanda zai kwarfe ruwa. Ku gwada wannan sau ɗaya ko biyu da rana tsaka a bakin gaci, har da yaran jirgi. Akwatin masu kaifi kuwa a sa masa kwaɗo, gama a cikin jirgi babu inda hannun yaro ba ya kaiwa. In kuɗi ya rage bayan sayen ƙusa da kwalta, kada ka ƙara cizal. Ka sayi rigunan ruwa uku, har da ƙarama daidai jikin ɗanka.

Ɗan'uwa, ga abin da za ka yi a makon nan. Ka zana girman ƙarƙashin bencin nan a ƙasa da gawayi a tsakar shagonka. Ka jera abin da muka lissafta a cikin zanen, kayan faci a rabi, kayan aiki a rabi. Sa'an nan ka yi kwana bakwai kana aikinka da abin da ke cikin zanen kaɗai. Abin da hannunka ya yi ta nema bai samu ba, ka ƙara shi. Abin da ba ka taɓa ba, in ba na gaggawa ba ne, ka fitar. Bayan wata uku a kan ruwa ka sake yin haka. Sa'an nan ka rubuto mana abin da ka gani, domin masu karatu su ƙaru. Muna kuma roƙon masu ƙera jirgi da tsofaffin matuƙa da ke karanta wannan fili, in akwai abin da muka manta, su aiko mana.

A gaishe mana da baba mai jirgi, da mai ɗakinka, da ɗan yaro. Allah ya kiyaye hanya, ya sauke ku lafiya. Sai wata mai zuwa.